Mangwaro Mai Aure

A wani ƙauyen Hausawa da ke kusa da Rusairis akwai wani matashi mai suna Bilyamin, direban raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ke jigilar mutane zuwa kasuwa. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Ba ya cutar fasinja, ba ya faɗa da kowa, kuma duk garin an san yadda yake ji da mahaifiyarsa. Aibinsa guda ɗaya ne tak, amma ya ishe shi kaya. Bilyamin bai taɓa buɗe baki ya ce "ban sani ba". Ko me ka fara gaya masa, kafin ka kai tsakiya ya ɗaga hannu ya ce da Larabci, "Ana arif," wato "na sani". Da haka sunan ya bi shi, har yara in sun hango rakshar tasa sai su ce ga Ana Arif nan tafe.

Akwai ranar da wani baƙo ya ce ya kai shi gidan wani tela da Bilyamin bai taɓa jin ko sunansa ba. Maimakon ya tsaya ya tambaya, sai ya yi ta zagaye da bawan Allah lungu-lungu har mai ya ƙare, suka sauka suka tura rakshar tare. Da abokansa suka tasa shi da tsiya, sai ya ce ai ya san gidan sarai, telan ne ya tashi bai gaya wa kowa ba.

Kamar yawancin sa'o'insa, Larabci ya fi zama a bakinsa. Yana jin Hausa, yana yin ta, amma Hausar tsofaffi tana da kalmomin da ke wuce shi. In irin haka ta faru, sai ya gyaɗa kai kamar shi ya ƙirƙiro kalmar.

Mahaifiyarsa, Inna Dije, ta yi yawancin rayuwarta a tsohon ƙauyensu na bakin kogi. A ƙofar ɗakinta na can akwai bishiyar mangwaro irin wanda ake kira Abu Samaka, mai dogayen 'ya'ya marasa zare, wadda marigayi mijinta ya dasa mata da hannunsa. Da aka ƙara wa madatsar ruwa ta Rusairis tsawo, ruwa ya hau ya cinye ƙauyen, aka mai da su sabon matsuguni, fili fetal ba ko inuwar da akuya za ta fake. Inna Dije ba ta yi kukan ɗaki ba, ba ta yi kukan rumbu ba. Bishiyar nan ce ta tsaya mata a rai.

Ga shi kuma idanunta sun fara ba ta matsala. An kai ta har Wad Madani, likita ya ce ciwon ba irin wanda ake kankarewa ba ne. Magani zai rage masa gudu kawai, amma a hankali ganin zai tafi. Da suka dawo gida, sai ta sa aka sayar da tunkiyarta guda ɗaya da ta rage, ta ƙulle kuɗin a bakin mayafi, ta kira ɗanta.

Ta ce, "Bilyaminu, zamna nan. Ga kuɗin tunkiyata. Ka tahi Damazin wurin masu saida dashe, ka sawo min manga Abu Samaka. So nike in gan shi shina reto tsakar gidana kamar na babanka, in tsinka da hannuna, tun idanun ga ba su ida rufewa ba."

Ya ce, "Halas, Inna, an gama."

"Tsaya, ban ƙare ba. Mai aure nika so. Kuɗin ba su da yawa, na sani. Ko guda ɗaya ne, in dai mai aure ne ya ishe ni. Ka ji ko? Ka kawo min mai aure."

To, a bakin manya, bishiya mai aure ita ce wadda aka yanko reshen iri mai kyau aka haɗa shi da jikin wata ƙaramar bishiya, aka ɗaure har suka zama ɗaya. Irin wannan tana saurin haihuwa, kuma 'ya'yanta sak na bishiyar da aka yanko reshen. Wadda aka shuka daga ƙwallo kuwa sai an yi ta jira, kuma in ta tashi haihuwa ba a san abin da za ta bayar ba. Bilyamin bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya sani shi ne ya haura shekara talatin ba mata, kuma Inna ba ta barin hira ta ƙare ba ta soko masa maganar aure ba.

Sai ya fashe da dariya ya ce, "Inna, kin fara ke nan! Ana maganar manga kin sako aure a ciki. Ana arif, ana arif. Za a kawo miki in Allah ya so."

Washegari ya ɗauki hanyar Damazin. Maƙwabciyarsu Yalwa, wata dattijuwa mai sayar da soyayyar gyaɗa a bakin makaranta, ta ce ya tafi da ita, ita ma tana da ɗan abin da ta tara, tana son bishiya a gidanta.

Wurin rainon dashen, wanda a can ake ce wa mashtal, na wani mutum ne mai suna Izzuddeen, kuma ba ya jin Hausa. Ya kai su wajen mangwaro ya nuna musu layi biyu. Na farko dogaye ne, sun kai ƙirjin mutum, ganye shar gwanin sha'awa. Na biyu gajeru ne, ba su wuce gwiwa ba, kowanne da 'yan ganye ƙalilan, an naɗe masa kara da leda kamar mai rauni.

Bilyamin ya nuna dogayen ya ce, "Waɗannan wane iri ne?"

Izzuddeen ya ce, "Daga ƙwallon Abu Samaka muka shuka su."

"Tamam, madalla. Waɗancan marasa lafiyar fa?"

"Su ma Abu Samaka ne, amma sun fi tsada. Kuɗin da ke hannunka gajere ɗaya za su saya, ko dogaye biyar. Gajerun nan muɗa'ama ne."

Nan ne Larabcin ma ya juya wa Bilyamin baya. Kalmar muɗa'ama ita ce dai mai aure a bakin masu lambu. Amma kuma da ita ake kiran yaron da aka yi wa allurar rigakafi, kuma da wannan ma'anar kaɗai Bilyamin ya san ta. Ya dubi ledar da aka naɗe karan da ita, ya ga ai ga ma wurin allurar nan an ɗaure.

Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, yanzu har bishiya ake yi wa rigakafi? To ni nawa lafiyarsu ƙalau, dube su. Ba zan zubar da kuɗin tsohuwa a kan allura ba."

Izzuddeen ya yi murmushi ya ce, "Ba allura ba ce, ɗan'uwa. Bari in yi maka bayani. Ƙwallo ba ya bin uwarsa, sai..."

Hannun nan ya tashi sama. "Ana arif. Ɗan Abu Samaka ai Abu Samaka ne, kamar yadda ɗan Bahaushe yake Bahaushe. Ba ni biyar."

Yalwa da ke gefe ta ce da Hausa, "Ɗan Bahaushe nawa ag garinmu da ba shi iya gaida kakatai da Hausa?" Amma Bilyamin ya riga ya rungumi dashe ya nufi raksha. Ita kuwa ta matsa kusa da mai lambun, ta ce da Larabcinta na kasuwa ita ba ta gane kalmar nan ba, ya daure ya fahimtar da ita. Izzuddeen ya tsuguna ya nuna mata mahaɗin, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta kwance bakin zaninta ta sayi gajere guda ɗaya.

A hanyar dawowa Bilyamin ya sa ta gaba. "Gwaggo Yalwa, wannan asuwakin da kika saya, dasawa za ki yi ko goge haƙora?" Ta fara gaya masa abin da aka faɗa mata, sai ya ƙara wa rediyo murya. Ta ƙyale shi. Ba ta san saƙon da Inna Dije ta ba shi ba, sai ta ɗauka inuwa suke nema.

Suna isa gida ya jera bishiyoyin a tsakar gida kamar sojoji. Inna Dije ta fito tana ƙyafta ido, ta ga kore ya cika mata gida. Murna ta kama ta, amma ta tambaya.

"Har biyar? Da kuɗin tunkiya guda? Bilyaminu, masu aure ne kuwa?"

Ya ce, "Inna, ke dai ki bar maganar auren nan. Har jikoki za ki gani."

Ta ɗauka amsa ya ba ta. Shi kuma ya ɗauka wasa suke yi.

Gaskiya ɗaya ce, Bilyamin ya yi wa bishiyoyin nan hidima. Da rani yakan ɗoro jarkokin ruwa a raksha tun kafin ya ɗauki fasinjan farko. Ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya zuba musu taki. Su ma ba su ba shi kunya ba ta wajen tsawo. Cikin 'yan shekaru suka wuce katanga, suka yi rassa, gidan Inna Dije ya zama gidan da ya fi kowanne inuwa a unguwar. Abokansa suka mai da wurin majalisa, ana dafa jabana, gahawar nan mai citta, ana shan iska. Duk wanda ya yaba, sai Bilyamin ya nuna masa gidan Yalwa da baki ya ce, "Je ka ga na maƙwabta. Har yau akuya tana iya tsallake shi."

Inna Dije kuwa ba inuwa ta aika a sayo mata ba. Duk lokacin da sanyi ya shigo, lokacin furen mangwaro, sai ta fito ta ɗaga kai ta daɗe tana duba rassan. Da farko da kanta take dubawa. Daga baya sai ta koma tambaya.

"Bilyaminu, sun yi hure?"

"Saura kaɗan, Inna. Manyan bishiyoyi ba sa gaggawa."

Ana haka sai asuwakin Yalwa ya yi fure. Bishiyar ba ta fi tsawon mutum ba, amma da zafi ya shigo sai ga 'ya'ya dogaye suna reto, har sai da aka tokare rassan da sanduna. Yalwa ta ciko kwano ta kawo wa ƙawarta. Inna Dije ta sha, ta yi godiya, ta sa albarka. Bayan Yalwa ta fita sai ta ce a hankali, "Da daɗi. Amma na gidan wani ne." A lokacin ta daina gane fuskar mutum daga nesa, sai ya matso.

Bilyamin ya ce ƙananan bishiyoyi dama haka suke, suna saurin haihuwa su saurin mutuwa. Ba wanda ya gaya masa haka, a take ya ƙera.

Sai da aka ƙara wasu shekaru kafin ɗaya daga cikin dogayen ta ga dama ta yi 'ya'ya, su ma 'yan ƙalilan can ƙololuwa inda ko mai lafiyar ido sai ya yi da gaske. Bilyamin ya hau ya tsinko, ya tara majalisa don a shaida. Abin da ya sauko da shi ɗan dunƙule ne kamar ƙwan agwagwa. Wanda ya fara gatsa ya runtse ido ɗaya don tsami, sauran kuma suka wuni suna zare zare daga haƙora. Bilyamin ya ce haihuwar fari ce, dama ba ta yin daɗi.

A shekarar nan ne Allah ya kawo masa matar aure, wata yarinya mai fara'a da ake kira Huda, 'yar wani mai lambun lemo. Bayan an watse biki, ya kamo hannunta ya kawo ta gaban mahaifiyarsa a ƙarƙashin inuwar, yana washe baki.

Ya ce, "To Inna, yau dai na huta da gori. Tun ranar da kika aike ni Damazin kike cewa in kawo miki mai aure. Ga ta nan na kawo."

Inna Dije ta karkato da kunne. "Mi kac ce?"

"Mai auren da kika ce in kawo. Kin manta? Ranar kuɗin tunkiya."

Tsohuwa ta ɗaga hannu ta nuna sama, wajen ganyen da ba ta iya rarrabewa yanzu. "Bilyaminu, ni icce nika nuhi. Manga mai aure. Waɗanga da ka kawo, ashe ba su da aure?"

Huda ta dubi mijinta ta ga bai gane ba, sai ta ce masa a hankali, "Muɗa'ama take nufi. Wanda aka haɗa masa reshe."

Ya ce, "Ba rigakafi ba ne?"

Dariya ta ƙwace wa amarya, ta toshe baki da mayafi. Inna Dije ma ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa, "Shekara da shekaru ina kiwon tuzurai shida cikin gida, ni ban sani ba!" Bilyamin kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya dubi idanun mahaifiyarsa, ya tuna abin da ta ce tana so ta gani da su, ya lissafa daminun da suka wuce. A ransa ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, da tsoron kada ya zama ya makara.

Da gari ya waye ya tafi Damazin ko fasinja bai ɗauka ba. Ya sami Izzuddeen yana ban ruwa, ya gaishe shi, ya tsaya yana murza hula a hannu. Da ƙyar maganar ta fito, kamar ana cire masa haƙori.

Ya ce, "Ban sani ba. Ka koya mini."

Izzuddeen bai yi masa gori ba. Ya ce akwai gyara, amma sai an sare kan bishiyoyin, a jira su yi sabon toho, sannan a haɗa musu reshen kirki. Inuwar za ta tafi, kuma sai an sake jira. Bilyamin ya ce a sare.

Haka aka yi. Majalisa ta watse, masu shan jabana suka koma gindin katanga suna mita. Da toho ya fito, Izzuddeen ya zo da wuƙarsa da leda, kuma ba wani wuri aka samo rassan ba sai jikin asuwakin Yalwa. Nan fa unguwa ta samu abin yi. Yalwa ta ce ita ce uwar amare, ba mai taɓa mata bishiya sai an kawo goro. Bilyamin ya sayo goro ya kai, ya durƙusa har ƙasa. Mata suka taru suna guɗa duk lokacin da aka ɗaure reshe, wani tsoho ya ɗaga hannu ya yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Inna Dije tana zaune a kan tabarma tana ta dariya, tana tambayar Huda wace amarya aka kai yanzu. Shi kuwa Bilyamin, waliyyin angwaye, yana tsugune kusa da mai lambu, yana tambaya kamar ɗan makaranta: wannan me ya sa, wancan yaushe ake kwancewa.

Auren ya kama. Bayan damina biyu bishiyoyin suka yi fure, da zafi ya shigo 'ya'ya suka sauko dogaye masu ɗan lanƙwasa a baki, wasu har suna taɓa kafaɗar mai wucewa. Abu Samaka ne na gaske, a tsakar gidan Inna Dije, daidai ƙofar ɗakinta.

Sai dai kafin nan idanun sun riga sun rufe.

Ranar da na farko ya nuna, Bilyamin ya riƙo hannunta ya kawo ta gindin bishiyar. Ya ɗora tafinta a kan mangwaron. Ta shafa shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan ɗan lanƙwasan, ta murɗe shi ta tsinka da kanta. Ta kai hanci ta daɗe tana shaƙa.

Ta ce, "Shi ne. Na babanka sak." Sannan ta juyo da fuska wajen da take jin numfashinsa, da 'yar tsokanar nan tata. "To Ana Arif, kai da ka san komi, hwaɗa min. Yaya suke in iska ta kaɗa su?"

Bilyamin ya ɗaga kai ya dubi rassan. Hawaye suka zubo masa.

Ya ce, "Inna, ban san yadda zan faɗa miki ba."

Ta laluba ta kama hannunsa, ta jawo shi ƙasa kan tabarma. Ta ce, "To zamna, ni in hwaɗa maka. Na babanka har yanzu ina ganinsu."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda kuɗinsa kaɗan ne ya fi kowa bukatar ya yi tambaya kafin ya saya, domin ba shi da na sayen abu sau biyu, kuma abu ɗaya mai kyau ya fi biyar masu cika ido. Yalwa ba ta fi Bilyamin kuɗi ba, ba ta fi shi wayo ba. Abin da ta fi shi kawai shi ne ta iya cewa ba ta gane ba. Shi kuwa an gaya masa gaskiya da harshe biyu, ta bakin mahaifiyarsa da ta bakin mai lambu, girman kai ya hana shi tsayawa ya ji ko ɗaya. Bishiya ta gyaru, kunya ta wuce, kuɗin tunkiya ma mangwaron ya mayar da ninkinsu. Amma shekarun da idon Inna Dije yake gani ba su dawo ba. Don haka in an faɗa maka kalmar da ba ka gane ba, ka tsaya ka tambaya tun da sauran lokaci, domin sau da yawa ba kai ne za ka biya kuɗin "na sani" ɗinka ba, wanda ya amince da kai ne zai biya.